Yadda Ake Gane Tsohuwar Bindigar Jamus da Yadda Ake Ƙiyasta Darajarta

Wanda ya tashi daga tashar mota ta Television, a kudancin Kaduna, ya nufi Kakuri, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai iske masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, wato DICON. An kafa ta a 1964, kuma kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya girka injinanta. Daga cikin bindigogin da aka ƙera a wurin akwai G3, wadda asalinta ta kamfanin Heckler & Koch ce, na wani ƙaramin gari mai suna Oberndorf a bakin kogin Neckar. Garin nan shi ne mahaifar bindigar Mauser, kuma tsofaffin ma'aikatan Mauser ne suka kafa Heckler & Koch a 1949, bayan Faransawa sun kwance tsohuwar masana'antar a ƙarshen yaƙi. Ke nan mazauna Television sun daɗe suna maƙwabtaka da jikar Mauser.

Kakar ita ce abin nazari a nan. Akan ci karo da ita a gidajen tarihi da fadojin sarakuna, wani lokaci kuma a cikin kayan gadon wani tsohon soja, a ce ai wannan ta Jamus ce. A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan bindigogi kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi, kuma bindigogi biyu masu kama ɗaya sak kan bambanta a farashi ninki uku ko fiye. Masanin da aka miƙa wa ita kan nemi shaida daga tarihi, da ƙarfen, da katakon, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya yake yarda.

Ta ina ta shigo?

Jamusawa sun kafa tutarsu a gaɓar Kamaru a 1884. Sun ci Garwa a 1901, suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Marwa a watan Janairu na 1902, har Dikwa da Mubi suka shiga hannunsu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sojojin Nijeriya sun tashi daga Yola a ƙarshen Agustan 1914 don su ci Garwa, aka koro su, aka kashe kwamandansu Maclear. Sai ranar 10 ga Yuni 1915 garin ya faɗi. Kyaftin von Raben kuwa ya riƙe dutsen Mora har 18 ga Fabrairu 1916. Bayan haka aka kwashi rundunar Nijeriya zuwa Gabashin Afirka, inda ta gwabza da sojojin von Lettow-Vorbeck, kuma ta yi asarar mutane da yawa a Mahiwa a watan Oktoba na 1917. Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin soja na Lakwaja sunansa, ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa, aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Ingila. Mutum irinsa ya riƙi bindigar ɓangarorin biyu.

Labarin Yaƙin Duniya na Biyu daban yake. Sojojin Nijeriya sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941, sannan Japanawa a ƙasar Bama daga 1943 zuwa 1945. Saboda haka idan aka nuna bindigar zamanin Hitila aka ce kaka ne ya ƙwato ta a yaƙin Bama, labarin na buƙatar a sake duba shi. Bindigogin wancan zamani sun bazu a Afirka ne bayan 1945, lokacin da ragowar makaman yaƙi suka cika kasuwa. Ko cikin makaman da Biyafara ta sayo daga Cekoslobakiya a 1967 akwai masu samfurin Mauser.

Samfurori

Ta fari ita ce samfurin 1871, aikin 'yan'uwa biyu, Paul da Wilhelm Mauser. Faɗin raminta milimita 11 ne, harsashi ɗaya take ci, kuma da baƙin albarushi take aiki, irin wanda maharba ke ɗura wa adaka. Fiye da rabin abin da baƙin albarushi ke bari idan ya ƙone daskararren abu ne, shi ya sa hayaƙinsa ke tona asirin maharbi. Da ita yawancin baƙaƙen sojojin Jamus na Gabashin Afirka suka shiga yaƙi a 1914, tana da shekara 43 a duniya.

A 1884 wani Bafaranshe masanin sinadarai, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi daga audugar da aka sarrafa da ruwan asid. Jamus ta yi hanzarin fito da samfurin 1888, mai rami milimita 7.9. Ba Mauser ne ya tsara ta ba, kwamitin soja ne, kuma ana gane ta da siririn kwanon da aka lulluɓe bututunta da shi. Kwanon nan yakan tara laima, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye.

Sai Gewehr 98 ta 1898, mai cin harsashi 5. Tsawonta santimita 125 ne, kuma hannun sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi, a miƙe yake. Ƙanwarta Karabiner 98k, wadda aka soma rabawa a 1935, tsawonta santimita 111, hannun sakatarta a lanƙwashe, kuma an ƙera fiye da miliyan 14 kafin ƙarshen yaƙi. Akwai wata gajeriya ta 1908, Kar 98AZ, wadda sojojin Jamus na Kamaru suka riƙa tare da tsohuwar samfurin 71. Ana yawan rikita ta da 98k, alhali tana da ƙugiya a ƙarƙashin baki wadda 98k ba ta da ita. Tef ɗin tela da ido sun isa a raba waɗannan.

Rubutun da ke jikin ƙarfe

A zamanin Kaisa ba a ɓoye komai ba. A saman uwar bindiga, inda bututu ke shiga, akan buga kambi da sunan wurin ƙira da shekara: Spandau, Danzig, Erfurt, Amberg, ko Mauser Oberndorf. Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta taƙaita sojojin Jamus zuwa 100,000, don haka da Hitila ya soma tara makamai sai aka koma rubutun sirri. Harafin K na nufin 1934, G kuma 1935. Masana'antar Oberndorf ta yi amfani da S/42, sannan 42, sannan byf daga 1941, sannan svw a 1945. Reshen Mauser na Balin shi ne 243 ko ar, kamfanin Sauer shi ne 147 ko ce, Steyr ta Ostiriya bnz, Gustloff bcd, Brno kuma dot. Ban da waɗannan akwai ƙananan tambura na mikiya da lamba a ƙarƙashinta, na sufetocin soja. Alal misali 63 da 655 da 135 duk sun yi aiki a Oberndorf a lokuta daban-daban. In aka ga tambarin sufeton da bai dace da masana'antar ko shekarar ba, to akwai magana.

Lambar bindiga kan tashi daga 1 zuwa 9999, sai a sake farawa a ƙara harafi, a, b, c, haka nan. Kowace masana'anta da nata jerin, kuma yawanci akan sake shi kowace shekara. Don haka lamba ita kaɗai ba ta zama sunan bindiga, sai an haɗa ta da harafi da shekara da masana'anta. Akan maimaita lambar, ko ƙarshenta, a kan sakata da gidan harsashi da zobban bututu da cikin ƙota, a farkon zamani har kan kusoshi. Dalili shi ne, da hannu ake daidaita sakata da uwarta. Abin da masu tarawa suka fi nema ke nan: bindigar da duk sassanta ke ɗauke da lamba ɗaya.

Irin wannan ba ta da yawa. Rashawa sun kama ɗimbin 98k, suka wargaza su, suka tara sassa iri-iri wuri guda, suka sake rina su suka harhaɗa ba tare da kula da lamba ba. Ana gane su da alamar X a jikin uwa, da lambar da aka zana da alƙalamin lantarki, da jan fenti mai sheƙi a katako. Norwe ta sake wa nata bututu ta buga HÆR, Isra'ila ta mai da nata 7.62 ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

Inda kuɗi ya shiga kuwa, jabu ya shiga. Akwai masu goge lamba su buga wata. Sai dai ƙarfe ba ya mantuwa. Lokacin da aka buga tambari, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin rubutun sukan murƙushe har zuwa wani zurfi, kuma wurin da ya murƙushe ya fi saurin narkewa a asid. Da wannan ne masu binciken laifuka ke dawo da lambar injin mota da aka kankare. Ko ba a je ɗakin gwaji ba, madubi mai ƙara girma sau 10 kan nuna kwarin da gugar ta bari, da sabon rubutu mai kaifin gefe a tsakiyar tsohon ƙarfe.

Shaidar katako

Nan ne ilmin halittu ke da ta cewa, kuma nan ne masu tarawa da yawa ke gaggawa. Ƙotar bindiga gawar bishiya ce, kuma tana riƙe da tsarin jikin bishiyar. Katako tarin ƙananan bututu ne da suka taɓa ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, tare da wasu layuka na ƙwayoyin halitta da ke tashi daga tsakiyar kututture zuwa ɓawo kamar wayoyin ƙafar keke, masu ajiye abinci. Girman bututun da faɗin layukan sun bambanta daga bishiya zuwa bishiya, kamar yadda zanen yatsa ya bambanta.

Tun farko da walnat, wato Juglans regia, Jamusawa ke yin ƙota. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, kuma bututunsa na da girman da ido ke gani kamar gajerun zane-zanen allura. Da ya yi ƙaranci a tsakiyar yaƙin farko sai aka koma ga Fagus sylvatica, bishiyar da ta cika dazuzzukan Jamus. Fagus fari ne mai ɗan ja, bututunsa ƙanana ne ƙwarai, amma layukansa masu faɗi ne, sukan fito a fuskar katako kamar an watsa riɗi. Daga wajen 1937 aka shiga yanka Fagus falle-falle ana manne shi da gam a matse, sai ƙota ta fito da layi-layi, ja ko fari gwargwadon gam ɗin. Wannan ta fi nauyi, amma ba ta saurin karkacewa. To, in aka ga 98k ta 1935 da ƙota mai layi-layi, an san an sauya mata ita daga baya.

A ƙasar nan akwai wata tambaya da littattafan Turai ba su damu da ita ba, wato ko masassaƙin gida ne ya yi ƙotar. Maɗaci, Khaya senegalensis, ja ne, zarensa a sarƙe yake, yakan ba da ratsi mai sauya haske in an juya shi. Maɗobiya, Pterocarpus erinaceus, rawaya-rawaya ce mai duhun ratsi, ga nauyi, kuma a madubi akan ga layukanta a jere hawa-hawa kamar matakala. Ɗan kasuwar Turai zai ce ƙotar maɗaci ta zubar da farashi. Ga mai nazarin tarihin Adamawa ko Barno kuwa, ita ce hujjar cewa bindigar ta yi rayuwa ta biyu a hannun mutanen ƙasa, kuma a wannan fuska hukuncinsa ya fi na ɗan kasuwar nauyi.

Me ke sa a sauya ƙota tun farko? Yanayi ne da ƙwari. Katako na shan laima daga iska yana kuma sakinta. A Kaduna laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, ta haura 80 a watan Agusta. Ruwan da ke cikin busasshen katako kan bi ta, daga wajen kashi 4 ko 5 zuwa wajen 16. Katako kuma ba ya kumbura daidai ta kowace fuska: motsinsa ta kewayen zoben shekara ya kusa ninka motsinsa ta tsakiya, ta tsawo kuwa kusan babu. Ƙarfen da ke kwance a cikinsa bai san wannan rawa ba. Shekara 100 na kumburi da tsukewa su ke tsaga ƙota a bayan uwa da wajen kusoshi. Fagus ya fi walnat wannan motsi nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi saurin ruɓewa.

Gara ta fi kowa suna, amma ita sai ta sami hanya daga ƙasa, kuma takan bar shaidar jar ƙasa a inda ta bi. Manyan nau'inta masu gina suri, Macrotermes, ba su iya narkar da katako su kaɗai, wani naman gwari suke nomawa a cikin surin yana yi musu aikin. Wanda ya fi ɓarna a ɓoye shi ne ɗan ƙaramin ƙwaron nan mai mai da katako gari. Tsutsarsa ce ke cin sitacin da ke cikin farin ɓangaren itace, ta yi watanni tana rami, sai ta zama ƙwaro ta huda ta fito. Ramin da ake gani ƙofar fita ce, ɓarnar ta riga ta auku. Don a san ko yana nan da rai, sai a kwantar da abin a kan farar takarda na mako biyu. In gari mai laushi ya zubo, yana nan. Fumfuna mai ruɓar da katako ita kuma ba ta kama shi sai ruwan cikinsa ya wuce kashi 20, abin da ke faruwa in an jingine shi a bangon da ke tsattsafo da damina.

Tsatsa iri biyu

Baƙin launin da ke jikin ƙarfen bindiga shi kansa tsatsa ce, amma ta kirki. Siririn rufi ne na baƙar tsatsa, Fe3O4, wanda ake jawowa da gangan, yana manne da ƙarfe yana riƙe mai. Jar tsatsa kuwa kumbura take ta ɓare, ta buɗe sabon wuri ga iska da ruwa. Gishiri ne ke hanzarta ta, ko na gumin hannu ko na harsashi. Yawancin harsasan wancan zamani na da sinadarin kunna wuta da ke barin gishiri mai jan laima a cikin rami, don haka bindigar da aka harba ba a wanke ba kan yi kyau a waje, cikinta kuwa ya zama kamar saƙar zuma.

Babban kuskuren masu gado shi ne gyara. A ɗauko samfefa a goge ƙarfe har ya yi walƙiya, a kankare katako a shafa fenti. Da gugar nan ake tafiya da rinin asali, da tamburan sufeto na jikin ƙota, da duk wata alamar runduna. Abin da masu adana kayan tarihi ke yi bai wuce share ƙura da tattausan buroshi, da shafa ɗan mai ko kakin zuma a ƙarfe, da nisanta abin daga ƙasa da bango ba.

Daraja, da abin da doka ta ce

A kasuwannin da doka ta yarda da wannan ciniki, abin da ke ɗaga farashi shi ne daidaiton lambobi, da yawan rinin asali da ya rage, da lafiyar rami, da ƙarancin samfurin, sannan takardar da ke nuna inda bindigar ta bi. Wadda Rashawa suka harhaɗa tana can ƙasa. Mai tambarin rundunar mulkin mallaka, irin Sch.D.O.A. na Gabashin Afirka, tana sama ƙwarai, domin rundunonin ƙanana ne kuma kaɗan daga makamansu suka tsira. Bindigogin ƙarshen 1944 da 1945, waɗanda aka yi cikin gaggawa ba wurin sa banati, ba gogewa, su ma suna da masu nema. Ya kamata a san ko su wa suka ƙera su. Masana'antar Oberndorf ta yi aiki da dubban mutanen da aka kamo aka tilasta, Steyr ta yi amfani da fursunonin sansanin Gusen, Gustloff kuma da na Buchenwald. Abin takaici, alaƙa da waɗannan sansanoni kan ƙara farashi a wurin wasu masu tarawa, kuma tamburanta ne 'yan jabu suka fi bugawa.

A Nijeriya babu irin wannan kasuwa. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na soja masu rami 7.62 da milimita 9 da .300 da .303 sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma riƙe su ba izini na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Wasu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, irin su adaka kuma na Kwamishinan 'yan sanda. Tsufan bindiga bai fitar da ita daga doka ba, gado kuma ba lasisi ba ne. Ga kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. A jihar da ta sha fama da rikici da 'yan bindiga, ba a buƙatar dogon bayani kan abin da samun bindiga a ɗaki ke jawo wa mai gida.

Haka kuma kada a kuskura a gwada harba ta. Ban da ramin da tsatsa ta ci, Jamusawa sun ƙara kaurin harsashinsu daga milimita 8.08 zuwa 8.20 a farkon ƙarni na 20, kuma tsohuwar samfurin 88 da ba a gyara ba tana iya fashewa da sabon. Tana ma iya kasancewa a ɗure tun zamanin mai ita.

Wanda ya tsinci irin wannan a kayan gado, hanyarsa ita ce ya sanar da 'yan sanda, ya kuma nemi a tuntuɓi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, don kada a haɗa ta da makaman 'yan fashi a lalata. Kafin a ɗauke ta, a ɗauki hoton kowane tambari da lamba, a auna tsawonta, a kuma zauna da dattawan gida a rubuta sunan sojan da ya zo da ita, da bataliyarsa, da inda ya yi yaƙi, da shekarar da ya dawo. In takardar sallamarsa ko lambobin yabonsa na nan a adaka ko akwati, a haɗa kwafinsu a miƙa tare.